Takarar majalisar jiha a Amurka: abin da 'yan ra'ayin riƙau ke nema da inda lissafin ke cije musu

Duk mai bibiyar labaran Amurka zai ɗauka komai a Washington ake yanke shi, shugaban ƙasa ya ce kaza, sanata wane ya mayar masa da martani, amma gaskiyar magana abubuwan da suka fi taɓa rayuwar ɗan Amurka kullum ba can ake yanke su ba. Kuɗin makarantar yaransa, harajin gidan da yake ciki, ko matarsa za ta samu inshorar lafiya, ko maƙwabcinsa zai iya fita da bindiga a ƙugu ba tare da lasisi ba, har irin katin shaidar da zai nuna kafin a bar shi ya jefa ƙuri'a, duk a majalisun dokokin jihohi ake gama maganarsu. Jihohi 50 ne, zauruka 99 saboda Nebraska ita kaɗai zaure ɗaya gareta, 'yan majalisar kuma sun haura 7,300. Kuma ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan, a New Hampshire majalisar wakilai mutum 400 ne, kowannensu dala 100 ake biyansa a shekara, mutanen da yake wakilta 'yan dubbai ne da zai iya zagaye su da ƙafa, a California kuwa sanatan jiha ɗaya yana wakiltar mutum kusan miliyan. Texas duk girmanta sau ɗaya majalisarta ke zaman doka a shekara biyu, kwana 140, albashin ɗan majalisa dala 7,200 a shekara.

Toh a irin wannan takarar ba kasafai ake ganin manyan taruka ba, ƙofa-ƙofa ɗan takara ke bi yana ƙwanƙwasawa, in bai tarar da kowa ba ya rataya 'yar takarda a marikin ƙofa. In ɗan ra'ayin riƙau ne, wanda galibi ɗan jam'iyyar Republican ne, kusan za ka iya faɗin abin da ke jikin takardar tun kafin ka duba: hotonsa da matarsa da yara, wani lokacin a gona ko a ƙofar coci, sai jerin alkawura a ƙasa, zan rage haraji, iyaye su ne masu iko da karatun 'ya'yansu, zan kare 'yancin riƙe bindiga, zan kare ran jaririn da ke ciki, a tsare iyaka, a mara wa 'yan sanda baya, a tsaftace zaɓe. Ka je Idaho ka je Georgia ka je Iowa kusan jerin ɗaya ne, sai dai a sauya hoton.

Wannan kamannin ba haɗuwar jini ba ce kawai. Akwai ƙungiyoyin da aikinsu kenan, mafi shahara ita ce ALEC da aka kafa tun 1973, tana haɗa 'yan majalisun jihohi da wakilan kamfanoni su rubuta samfurin ƙudiri, ɗan majalisa ya ɗauko ya kai jiharsa ya gyara sunaye ya gabatar. Akwai Americans for Prosperity ta gidan attajirai Koch da ke tura matasa ƙofa-ƙofa. Sannan a 2010 'yan Republican suka yi wani shiri da suka kira REDMAP, suka zuba kusan dala miliyan 30 a kan kujerun jihohi da ba wanda ya damu da su, saboda sun lura cewa bayan ƙidayar jama'a ta wannan shekarar 'yan majalisar jiha ne za su shata iyakokin mazaɓu a yawancin jihohi, har da mazaɓun majalisar tarayya. Suka ci kujeru kusan 700 a zaɓe ɗaya, suka zana taswira yadda ta yi musu, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin shiga rikicin shata mazaɓa don amfanin jam'iyya. 'Yan Democrat ma suna yin hakan inda suke da rinjaye, Illinois da Maryland misali ne, don kada wani ya ce ɓangare ɗaya na kama.

Abin da wannan ya haifar shi ne ginshiƙin duk maganar. In mazaɓa ta zama ta jam'iyya ɗaya tun daga taswira, babban zaɓe na Nuwamba ya zama cika sharaɗi kawai, kujeru masu ɗimbin yawa ma ba a samun abokin hamayya daga ɗaya jam'iyyar. Ainihin fafatawar sai ta koma zaɓen fidda gwani, inda mutane kaɗan ke fitowa kuma waɗanda ke fitowar su ne masu zafin ra'ayi. Kaga ɗan majalisa ba ɗan Democrat yake tsoro ba, tsoronsa wani ya taso daga cikin gida ya ce masa ɗan Republican ne a suna kawai. Shi ya sa takardar nan ta ƙofa ba don duk mutanen mazaɓa aka rubuta ta ba, don waɗancan 'yan dubbai ne masu fitowa fidda gwani da kuma masu ba da kuɗin kamfe. Amma ranar da ya shiga majalisa, mazaɓar gaba ɗaya ce a wuyansa, da makarantarta da asibitinta da titunanta, kuma a nan ne alkawuran ke fara karo da juna.

Mu fara da haraji tunda shi ne na farko a kowace takarda. Hujjarsu ba ta banza ba ce, suna cewa kuɗin mutum nasa ne, gwamnati ta karɓi iya abin da ya zama dole, kuma jihar da harajinta ke ƙasa ita ce jari da ma'aikata za su bi. Za su nuna maka Texas da Florida da Tennessee, ba su karɓar harajin albashi kuma jama'a sai tururuwa suke yi can daga California da New York. Arizona ta koma haraji bai-ɗaya na kashi 2.5, Iowa ta sauko zuwa 3.8, Mississippi ta yi doka a 2025 ta soke harajin albashi a hankali a hankali. Sai dai jiha ba kamar gwamnatin tarayya ba ce, ba ta buga kuɗi, kuma kusan duk jihohin doka ta tilasta musu kasafinsu ya daidaita, abin da zai fita kada ya wuce abin da zai shigo. Wato duk dalar da aka yafe dole ko dai a nemo ta wani wuri ko a yanke wani aiki.

Kansas ce ta gwada abin har ƙarshe. A 2012 gwamna Sam Brownback ya sa hannu a dokar da ta sauke harajin masu samu da yawa daga kashi 6.45 zuwa 4.9, sannan ta yafe wa masu ƙananan kamfanoni sama da 300,000 harajin ribarsu kwata-kwata, shi da bakinsa ya ce gwaji ne ake yi a zahiri kuma zai zama kamar allurar zaburar da tattalin arzikin jihar. Abin da ya faru a ƙasa shi ne lauya ko likitan da ya yi rajistar ofishinsa a matsayin kamfani ya daina biyan harajin jiha a kan ribarsa, sakatariyarsa mai albashi kuwa tana ci gaba da biya. Kuɗin shiga ya faɗi da ɗaruruwan miliyoyi, haɓakar da aka yi alkawari ba ta zo ba, aka riƙa kwasar kuɗin gyaran tituna ana toshe ramin kasafi, a 2015 wasu gundumomin makarantu sai da suka sallami yara kafin ƙarshen zango saboda babu kuɗi, Kotun Ƙolin jihar ta ce abin da ake ba makarantu bai kai yadda tsarin mulkin jihar ya tanada ba. A 2017 majalisar da 'yan Republican ke da rinjaye a cikinta ita ce ta soke yawancin dokar, gwamnan ya hau kujerar naƙi, suka haɗa ƙuri'un da suka tsallake shi. Ni a ganina wannan shi ne darasi mafi girma a siyasar jihohi cikin shekarun nan, kuma su kansu 'yan riƙau sun ɗauka, don yanzu da yawa daga cikin dokokin rage haraji ana ɗaura su ne da sharaɗi, sai kuɗin shiga ya kai wani mizani sannan ragin gaba ya fara aiki.

Su kuma jihohin da ba su karɓar harajin albashi ba wai kyauta ake zama ba, suna karɓa ta harajin sayen kaya da harajin gida. Na sayen kaya talaka ya fi jin shi tunda shi duk abin da ya samu kashewa yake yi. Na gida kuwa a Texas ya yi nauyin da ya zama babbar maganar kamfe, dattijon da ya gama biyan gidansa shekara da shekaru sai ya ga takardar haraji tana hawa duk shekara saboda darajar unguwar ta tashi alhali kuɗin fanshonsa na nan inda yake, wannan kuka ne na gaskiya kuma duk ɗan takarar da ya raina shi zai sha ƙasa. A 2023 majalisar ta ware kusan dala biliyan 18 don sauƙaƙa shi, ta ɗaga ɓangaren darajar gida da ba a yi wa harajin makaranta daga dala 40,000 zuwa 100,000. Amma harajin gidan nan shi ne jinin makarantun gwamnati, in an rage shi dole jiha ta cike daga aljihunta, shekarar da aljihun ya yi ƙasa kuma makaranta ce za ta fara ji.

Maganar makaranta ita ce ta fi nuna rabuwar kai a cikin gidan 'yan riƙau. Abin da suke kira zaɓin makaranta shi ne gwamnati ta ɗauki kuɗin da take kashe wa yaro a makarantar gwamnati ta sa a wani asusu, iyaye su kai shi makarantar kuɗi ko ta addini ko su koyar da shi a gida. Arizona ce ta fara buɗe shi ga kowa da kowa a 2022, Iowa da Florida suka bi a 2023. Wallahi hujjar tana da ƙarfi, uwar da ke zaune a unguwar da makarantar ta lalace, ba ta da kuɗin ƙaura zuwa unguwar masu hali, me ya sa za a ce ɗanta ya zauna ya jira gyaran da aka shekara 20 ana alkawarinsa? Mai kuɗi dama yana da zaɓi, wannan kuwa talaka ake ba zaɓin. Amma abin da aka gani a Arizona shi ne mafi yawan waɗanda suka fara cin gajiyar ba daga makarantar gwamnati suka fito ba, dama can suna makarantar kuɗi ko karatun gida, kawai yanzu jiha ce ta ɗauki nauyi, kuɗin shirin kuma ya zarce hasashen farko nesa ba kusa ba.

Sai ka shiga ƙauyukan yammacin Texas ka ga ɗaya fuskar. Gari ne na mutum dubu biyu ko uku, kusan kowa ɗan Republican ne, kowa na zuwa coci ran Lahadi, amma makarantar gwamnati ita ce mai ɗaukar ma'aikata mafi girma a garin, malamai, direbobin bas, masu dafa abincin yara, daren Juma'a kuma gari kaf na filin ƙwallon makarantar. Makarantar kuɗi mafi kusa sai ka yi tafiyar awa ɗaya ko biyu. Ɗan majalisar irin wannan wuri in ka ce masa zaɓin makaranta, abin da yake ji shi ne za a kwashi kuɗi daga asusun da garinsa ke ci a kai wa iyayen Dallas da Houston. Shi ya sa a Nuwamban 2023 'yan Republican 21 suka haɗa kai da 'yan Democrat a majalisar wakilan jihar suka kashe shirin. Gwamna Greg Abbott bai ƙyale su ba, ya bi su mazaɓa-mazaɓa a zaɓen fidda gwani na 2024 da kuɗi masu yawa, ciki har da dala miliyan 6 da attajiri Jeff Yass na Pennsylvania ya ba shi a lokaci ɗaya, kuma abin lura tallan da aka yi a kansu da yawa ba ma maganar makaranta suke ba, cewa ake yi sun yi sakaci da tsaron iyaka. Da yawansu suka faɗi, wasu suka haƙura da takarar. A 2025 dokar ta wuce da dala biliyan 1, kusan dala 10,000 ga kowane yaro, 'yan Republican biyu kacal suka ƙi a majalisar wakilai.

Amma in aka kai maganar gaban masu ƙuri'a kai tsaye sai labari ya sha bamban. A Nuwamban 2024, rana ɗaya da Trump ya lashe Kentucky da rata mai faɗi, mutanen jihar suka yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai buɗe ƙofar zaɓin makaranta, kuma a duk ƙananan hukumominta 120 ya faɗi. Nebraska ma a ranar masu ƙuri'a suka soke dokar da majalisarsu ta yi. Waɗannan ba masu sassaucin ra'ayi ba ne, mutanen da suka zaɓi 'yan majalisar nan ne da hannunsu.

Bindiga ba ta da wannan rikicin a cikin gida, kusan bakinsu ɗaya, fiye da rabin jihohi yanzu ana ɗaukar bindiga ba tare da lasisi ba, Texas ta shiga a 2021, Florida a 2023, duk da cewa a wurare da dama shugabannin 'yan sanda ne suka fito suka ce ba sa so. Shige da fice kuwa aikin tarayya ne, Arizona ta gwada da dokarta ta 2010 Kotun Ƙoli ta soke yawancin sassanta a 2012, don haka ɗan takarar majalisar jiha a Iowa da ke alkawarin tsare iyaka ya san ikonsa a kai ƙalilan ne, amma ya san kalmar tana fito da mutane ranar fidda gwani.

Zubar da ciki shi ne wanda ya sauya kamanni gaba ɗaya. Daga 1973 zuwa 2022 ɗan majalisa zai iya jefa ƙuri'a kan haramci mafi tsauri hankalinsa kwance tunda ya san kotu za ta dakatar saboda hukuncin Kotun Ƙoli na 1973 da ya kare 'yancin zubar da ciki. Ranar 24 ga Yunin 2022, a shari'ar da ta taso daga dokar Mississippi ta mako 15, Kotun Ƙoli ta mayar da maganar hannun jihohi, daga ranar duk kalmar da ke cikin doka ta zama abin da likita zai duba kafin ya taɓa matar da cikinta ya zo da matsala tsakar dare. Na yarda da yawansu da zuciya ɗaya suke ganin rai suke karewa, kuma ba na raina wannan. Amma rubuta doka amana ce, in ka bar togaciyar ceton ran uwa a dunƙule har likita ya tsaya jiran lauyan asibiti alhali mace na zubar da jini, to aikinka bai cika ba. Masu ƙuri'a ma sun nuna hakan, Kansas a Agustan 2022 kusan kashi 59 suka ƙi cire kariyar 'yancin zubar da ciki daga tsarin mulkin jihar, Ohio a 2023 suka saka ta, Missouri a 2024, a Florida kashi 57 suka goyi baya amma dokar jihar 60 take nema.

Akwai wani ɓangare da na san zai ja hankalin masu karatu da yawa, wato maganar tarbiyya, littattafan da ake ba yara da batun sauya jinsi. Florida ta yi dokar ikon iyaye a 2022, Tennessee ta hana yi wa yara ƙanana magungunan sauya jinsi kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 2025. A nan Musulmin Amurka da yawa sun tsinci kansu layi ɗaya da 'yan riƙau, a Maryland iyaye Musulmi ne a sahun gaba tare da Kiristoci a ƙarar da ta kai Kotun Ƙoli ta ce suna da damar cire yaransu daga darussan wasu littattafai, kuma kuɗin zaɓin makaranta makarantun Islamiyya ma suna iya karɓa. Sai dai dan Allah kada a manta cewa daga wannan ɓangaren ne aka kawo gyaran tsarin mulkin Oklahoma na 2010 da ya ambaci Shari'a da suna ya hana kotuna la'akari da ita, kusan kashi 70 suka amince, sai kotun tarayya ce ta dakatar bayan wani Musulmi ya kai ƙara. Kuma Louisiana a 2024 da Texas a 2025 sun yi dokar liƙa Dokoki Goma na Baibul a kowane aji. 'Yancin addinin da ke jikin takardar, sai mutum ya tambayi ɗan takarar ko ya haɗa da na kowa.

Wanda ba ka cika gani a takardar ba kuma shi ya fi damuna shi ne lafiya. Dokar Obama ta 2010 ta faɗaɗa Medicaid, inshorar marasa ƙarfi, tarayya na biyan kashi 90 jiha ta biya 10, a 2012 Kotun Ƙoli ta ce jiha na da zaɓin karɓa ko ƙi. Jihohi 40 sun karɓa, 10 sun ƙi, ciki har da Texas da Florida da Georgia. Hujjar masu ƙi ita ce tarayya na iya janye hannunta gobe ta bar jiha da kaya, kuma bai kamata mai ƙarfin aiki ya dogara da gwamnati ba. Amma da yawan waɗanda abin ya shafa aiki suke yi, masu aiki a gidan abinci, leburorin gini, masu kula da tsofaffi, albashinsu ya fi ƙarfin tsohon mizanin Medicaid amma bai kai sayen inshora ba. In suka kwanta ciwo asibitin ƙauye ne ke karɓarsu ba biya, bashi ya taru, a fara rufe ɗakin haihuwa, daga baya a rufe asibitin, kuma Texas na cikin jihohin da suka fi asarar asibitocin karkara. Masu ƙuri'a a Idaho da Utah da Nebraska a 2018, Oklahoma da Missouri a 2020, South Dakota a 2022, duk jihohin Republican, sun tsallake majalisunsu sun amince da faɗaɗawar ta ƙuri'ar raba gardama. A Missouri majalisar ta ƙi sa kuɗin a kasafi sai da Kotun Ƙolin jihar ta ce dole a aiwatar a 2021.

Martanin da wasu majalisun suka mayar shi ne ƙoƙarin ƙuntata ita kanta ƙuri'ar raba gardamar. South Dakota ta nemi a ɗaga mizanin zuwa kashi 60 ga duk shawarar da za ta ci kuɗi da yawa, watanni kaɗan kafin ƙuri'ar Medicaid, jama'a suka ƙi. Ohio ta kira zaɓe na musamman a Agustan 2023 don ɗaga nata zuwa 60 kafin ƙuri'ar zubar da ciki, shi ma ya faɗi. Wannan ni ban ga riƙau a cikinsa ba, mutumin da ya ƙwanƙwasa ƙofa yana cewa Washington ta daina yi mana katsalandan, mu muka san abin da ya dace da mu, bai kamata ya zama shi ne zai ɗaure hannun mutanen mazaɓarsa ranar da suka saɓa masa ba. North Carolina ta bi wata hanyar, majalisarta da 'yan Republican ke jagoranta ta shafe kusan shekara goma tana ƙin faɗaɗa Medicaid, shugaban majalisar dattawan jihar Phil Berger na cikin manyan masu adawa, daga baya ya fito ya ce ya sauya ra'ayi, a 2023 suka amince da hannunsu tare da gwamnan Democrat Roy Cooper, kuma mutum sama da 600,000 suka shiga inshorar.